Nana Asma'u 'Yar Shehu da Shekarun da Allah Ya Ƙara Mata

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai juya dare da rana, wanda Ya yanka wa kowane rai wa'adinsa tun kafin a haife shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waliyyan Allah baki ɗaya, musamman shehinmu Sidi Abdulƙadir Jilani, Allah Ya ƙara masa yarda.

Bayan haka, 'yan uwa, duk wanda ya duba tarihin gidan Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zai lura cewa manyan mazan gidan ba su cika daɗewa a duniya ba. Shehu kansa ya yi wafati yana da shekara 63 a lissafin da ya shahara. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu ya yi kusan haka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bai kai 60 ba, ɗansa Aliyu Babba ma haka. Amma akwai mace a wannan gida da Allah Ya ja wa kwana har ta haura 70, ta yi zaman makokin waɗannan duka, ɗaya bayan ɗaya. Ita ce Nana Asma'u, Allah Ya yarda da ita. Mafi girman aikin da aka san ta da shi, ta yi shi ne bayan ta wuce shekara 40, kuma da hannun tsofaffin mata ta yi shi.

Mu mutanen Maraɗi da Tibiri da Jiratawa muna da wani haƙƙi na daban a cikin labarinta, domin kakanninmu suna cikinsa, kuma a wancan zamani suna gefen da ake gwabzawa da su ne. Ba za mu ɓoye wannan ba idan mun iso wurin.

Daga Degel zuwa Sakkwato

An haife ta a Degel a shekarar 1793, wato 1208 bayan Hijira. Tagwaye ne ita da ɗan uwanta Hassan. Bisa al'ada da Hassana ko Husaina za a kira ta, sai Shehu ya raɗa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah da mahaifinta guzuri a kogo lokacin hijira. Mai lura zai ga wani abu a nan. Waccan Asma'un ta farko ta rayu kusan shekara 100, ta makance a ƙarshen rayuwarta, ta kuma ga kisan ɗanta Abdullahi ɗan Zubairu a Makka a shekara ta 73 bayan Hijira, kwanaki kaɗan kafin ita ma ta cika. Takwararta ta Degel ita ma ta yi hijira tana ƙarama, ita ma ta daɗe, ita ma ɗanta ya riga ta.

Tana jaririya a 1794 mahaifinta ya samu babban buɗin nan da kowane Baƙadire ya sani, lokacin da ya cika shekara 40 da 'yan watanni, aka haɗa shi da Shehu Abdulƙadir a halarar Manzon Allah, aka rataya masa takobin gaskiya. A cikin wannan yanayi ta buɗe ido: gida ne na wuridi da azumi da karatu, inda mata suke zama su ɗauki darasi kamar maza. Shehu ya yi kakkausar magana a littafinsa Nurul Albab a kan malaman da suke karantar da ɗaliban waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma a gidansa ya fara gyara wannan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun Asma'u ba ta yi wayo ba, sai matan Shehu suka riƙe ta, musamman A'isha da ake kira Iya Garka, mai yawan ibada da gudun duniya, da Hauwa'u Inna Garka mahaifiyar Bello. A hannun manyan mata ta tashi, kuma ba ta manta da wannan ba.

Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Abin da ya biyo baya kowa ya san shi: nasarar Tabkin Kwatto a wannan shekara, sai musibar Tsuntsuwa inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada, sai yunwa da cuta da yawo daga sansani zuwa sansani, ta Zamfara har Gwandu. Yarinya ce take tafe a ƙasa tare da mata da yara, ana binne mutane a bakin hanya ana wucewa. A 1807 aka ɗaura mata aure da Gidado ɗan Laima, aminin Bello wanda ya zama Waziri. A 1808 Alkalawa, birnin Gobir, ta faɗi, Sarki Yunfa ya mutu a ciki.

Shehu ya cika a Sakkwato a watan Afrilu na 1817, kuma a wannan shekara ɗan tagwaicinta Hassan ya bi shi. Tana da shekara 24. Bayan shekara 3 ta rubuta Tanbihul Gafilina da Larabci, nasiha ce a kan riƙo da Sunna. Sai dai aikin da ya fi cin lokacinta a waɗannan shekaru aiki ne marar amo. Rubuce-rubucen Shehu suna warwatse a gafakoki, wasu sun sha yawon yaƙi, takarda kuwa da tsada ake kawo ta ta hamada, ga gara ga damina. Ita da mijinta suka zauna tattarawa da kwafewa da tsarawa. Autan Shehu, Isa, wanda bai yi wayo da mahaifinsa ba, a wurinta ya yi karatu, daga baya ya zama abokin aikinta a fassara da tahamisi.

Gawakuke, da abin da ya biyo baya

Faɗuwar Alkalawa ba ta kawo ƙarshen Gobir ba, kamar yadda faɗuwar Birnin Katsina a 1807 ba ta kawo ƙarshen sarautar Katsinawa ba. Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819, aka ci gaba da ɗauki ba daɗi tsakanin kwarin Gulbin Maraɗi da Sakkwato. A 1836 aka haɗu a Gawakuke. Gefe guda Sarkin Musulmi Bello, ɗaya gefen Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda da Abzinawa. Ali da Rauda duka suka kwanta dama a fagen. Bayan wannan ne Mayaƙi ya tattara ragowar Gobirawa, da taimakon Ɗan Mari na Maraɗi, ya kafa Tibiri. Garin da muke zuwa kasuwarsa yau, daga wannan rauni ya tsiro.

Nana Asma'u 'yar gidanta ce, da idon gidanta ta kalli waɗannan yaƙe-yaƙe. Tana da waƙa a kan nasarar Gawakuke, tana da waƙoƙin roƙon Allah Ya karya Mayaƙi, daga baya kuma Bawa da ya hau gadon Tibiri. Bagobirin da ya ji wannan ya ji wani abu a ransa, ba za a ga laifinsa ba. Abin da za a ce kawai, waɗancan mutane duka sun tafi ga Ubangijin da Ya fi mu sanin niyyar kowa, kuma jikokin Mayaƙi da jikokin Bello yau a sahu ɗaya suke tsayuwa, wuridi ɗaya suke ja. Shekara kusan 190 ta yi abin da takobi ya kasa.

Shekara ɗaya bayan Gawakuke, a watan Oktoba na 1837, Bello ya rasu a Wurno. Wannan rashi ya girgiza ta fiye da kowane tun bayan na Shehu, domin Bello yayanta ne, malaminta ne, abokin shawararta ne a harkar ilimi. Tana da shekara 44. A zamanin nan macen da ta kai haka, ta haifi 'ya'ya maza har sun zama magidanta, ana ganin ta gama nata, sai ta koma ɗaki ta riƙe tasbaha ta jira kira. Ita kuwa a nan ta ɗaura ɗamara.

Matsalar da ke gabanta babba ce. Yaƙi ya cika garuruwa da ƙauyukan daula da matan da aka kamo, da yawa daga Gobir da maƙwabtanta, wato daga cikin kakanninmu mata. An raba su da mazajensu da garuruwansu, ba su jin Fulatanci balle Larabci, kuma abin da suka sani na neman sauƙi idan ciwo ya zo ko haihuwa ta yi gardama ko zuciya ta ƙuntata shi ne bori. Waɗannan mata su ne za su goya 'ya'yan gobe. Malamai maza ba su shiga inda suke. Hukuma kuwa tana iya hana kiɗan garaya a fili, amma ba ta iya shiga zuciyar macen da ɗanta ke zazzaɓi da tsakar dare.

Sai Asma'u ta juya ga harshen Hausa. Tun 1831 ta riga ta mayar da waƙar Shehu Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa. Yanzu ta ƙara himma: waƙar da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani domin mace ta haddace su a jere, waƙoƙin tarihin Annabi da yabonsa, Godaben Gaskiya, da Tawassuli ga Mata Masu Albarka, inda ta ambaci matan Annabi da 'ya'yansa da waliyyai mata irin su Rabi'atul Adawiyya, ta sauko har kan matan da ta sani da idonta a Degel, su Iya Garka da Inna Garka. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan da Larabci a kan neman waraka da surori da addu'o'in da suka zo daga Manzon Allah, domin malaman da mata za su je wurinsu su samu abin ba su a madadin abin da aka hana su.

Malfa a kan tsohuwa

Waƙa tana buƙatar ƙafar da za ta kai ta ƙauye. A nan ne hikimar wannan baiwar Allah ta fi fitowa, kuma a nan ne ya kamata mu daɗe.

Ta duba matan ƙauye ta ga kashi uku. Akwai matan aure masu ƙuruciya, waɗanda ciki da goyo da hidimar miji suka ɗaure, ba su da halin tafiyar kwana da kwanaki, kuma ba a son su yi. Akwai 'yan mata ƙanana da ba a kai ga aurar da su ba, masu kaifin hadda. Akwai kuma waɗanda suka manyanta, haihuwa ta tsaya, wasu mazansu sun mutu. Irin wannan mace ba mai tsare ta a hanya, ba mai zarginta, ba gidan da za a hana ta shiga, kuma idan ta yi magana surukai da jikoki suna saurare. Abin da mutane suke ɗauka ƙarshen amfanin mace, Asma'u ta gan shi a matsayin 'yanci da Allah Ya ba ta. Sai ta ɗauki kashi na uku ta haɗa da na biyu, ta aike su ga na farko.

A kowane gari ta zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana ta naɗa ta jaji. Kalmar daga bakin fatake ta fito, jaji shi ne mai shiga gaban ayari ya nuna hanya. Jaji takan tattaro tsofaffi da 'yan mata su taho a ƙasa zuwa wurin Asma'u, suna rera waƙoƙinta a hanya. Su zauna kwanaki tana karantar da su, tana amsa tambayoyinsu na tsarki da salla da azumi da idda da zaman aure, su haddace sabuwar waƙa su koma da ita. Suna kawo sadakar da matan da ba su samu zuwa ba suka aiko, hatsi da man shanu da zuma da zare, ita kuma ta raba wa makafi da guragu da marasa galihu. Idan sun koma gida su bi ɗaki ɗaki suna koyarwa, suna duba marasa lafiya, suna zama da mai naƙuda, suna wanke gawar mace, suna sasanta masu faɗa. Waɗannan su ne 'Yan Taru.

Alamar naɗin jaji ita ce malfa da jan ƙyalle da ake ɗaura mata. Mutumin Sakkwato zai iya jin wannan ya wuce, amma mutumin Tibiri ya san abin da ake nufi. A Gobir malfa ta Inna ce, babbar mace ta gidan sarauta, shugabar mata kuma uwar 'yan bori, wadda takwararta a Maraɗi ita ce Iya. Matan da aka kamo daga Gobir sun san cewa macen da ta sa malfa ita ake bi. Asma'u ta ɗauki wannan alama da idonsu ya saba da ita ta ɗora a kan tsohuwar da ta haddace farillan alwala. A ganinmu wannan yana daga cikin mafi zurfin fahimtar da'awa da aka taɓa yi a ƙasar Hausa, domin ta gane cewa mata ba za su zauna babu uwa ba, abin dubawa shi ne wace uwa, kuma ina za ta kai su. Har yau akwai sarautar Inna a Tibiri da ta Iya a Maraɗi, don haka mu ba labari muke ji ba.

Mai rubuta marsiyya

Tsawon rai yana da haraji, kuma harajinsa shi ne binne masoya. Wanda ya bi jerin marsiyyoyin Nana Asma'u kamar yana karanta rajistar mutuwar zamani guda ne. Ta yi wa baffanta Abdullahi da ya rasu a 1829. Ta yi wa Bello. Ta yi wa 'yar uwarta Faɗima da ɗan uwanta Buhari. A 1842 yayanta Sarkin Musulmi Atiku ya rasu a Katuru a kan hanyar komowa daga yaƙin Tibiri. Wajen 1850 mijinta Gidado ya cika, bayan zaman aure na fiye da shekara 40, mutumin da ya rubuta karamomin Shehu a Raudul Jinan domin 'yan baya. Bayansa sai aminiyarta A'isha matar Bello, wadda suka taso tare tun zamanin hijira. A marsiyyar A'isha ba ta ɓoye zafin da ta ji ba, ta kuma bayyana cewa shari'a ba ta hana hawaye ba, kururuwa da fushi da hukuncin Allah ta hana. A 1859 ɗanta Waziri Abdulƙadir ya rasu, a shekarar da Aliyu Babba ma ya rasu, yaron da ta ga tasowarsa, ta ga hawansa gadon sarauta, ta ga shekara 17 na mulkinsa, ta ga ƙarshensa.

Abu biyu ne suke jan hankali a waɗannan marsiyyoyi. Na farko, ba ta cika tsayawa a kan sarauta ko yawan garuruwan da mutum ya ci ba. Ko a kan Bello, abin da ta fi ambato shi ne iliminsa da tsoron Allahnsa da kyautarsa da yadda yake ɗaukar nauyin baƙo da mai rauni. Na biyu, ba 'yan gidan sarauta kaɗai ta yi wa ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, mace mai kirki da sada zumunci. Ta yi wa Zaharatu, wadda take zuwa wurin masu haihuwa da wankan gawa ko da wane lokaci aka kira ta. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta, wadda ta yi shekaru tana kai da kawo da ayarin mata har ƙarfinta ya ƙare. Ba don alƙalamin Asma'u ba, da babu wanda ya san an yi waɗannan bayin Allah. Kuma tunda waƙoƙin ana haddace su ana rerawa a ƙauyuka, kowace marsiyya ta zama darasi: ga irin halin da ake so a ambaci mace da shi ranar da aka ɗauke ta.

Ba ta ajiye alƙalami ba. Tana dab da 70 ta rubuta waƙar Hausa a kan firgicin ranar Alƙiyama, ta kuma rubuta Dalilin Samuwar Allah, inda take jan hankalin mai sauraro ya dubi halitta ya gane Mahalicci. Abin da ya iso mu na rubutunta ya kai kimanin 60, da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma sunan Shehu Abdulƙadir yana yawan dawowa a cikinsu wajen tawassuli. Ita ce ta zama wadda ake komawa gare ta idan ana son sanin yadda Shehu yake yin abu kaza, domin waɗanda suka gan shi da idonsu sun ƙare saura ƙalilan. Samarin da aka haifa bayan an ci ƙasa, waɗanda ba su san yunwar Gudu ba, suka tashi cikin daula da dawaki da bayi, daga bakinta suke jin cewa an yi lokacin da jama'ar nan ba ta mallaki komai ba sai littattafai. Tarihin hijira da jihadi da ta tsara a waƙe, wanda Isa ya mayar Hausa da sunan Waƙar Gewaye, don irinsu aka yi shi.

Tsofaffinmu na yau

'Yan uwa, a shekarar 1960 da Nijar ta samu 'yancin kai, matsakaicin tsawon ran ɗan ƙasar bai kai shekara 40 ba. Yau ya haura 60. Babban dalilin wannan shi ne raguwar mutuwar ƙananan yara ta hanyar rigakafi da magani, amma sakamakonsa a bayyane yake a gidajenmu: matan da suke kai shekarun Nana Asma'u sun fi na da yawa, kuma da yawansu sun binne mazajensu. A lokaci guda kusan rabin mutanen ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Ga tsofaffi suna ƙaruwa, ga yara sun cika gari. Kashi biyun nan da Asma'u ta haɗa a ayari ɗaya, su ne Allah Ya yawaita mana.

Me muke yi da su? Tsohuwa a wurinmu wadda ake ciyarwa ce, a gaishe ta da safe, a nemi albarkarta idan za a yi tafiya. Wannan yana da kyau, wajibi ne ma, kuma akwai gidajen da ko wannan ya gagara, 'ya'ya sun tafi ci-rani Najeriya ko Libiya ko Aljeriya, an bar gyatuma da hawan jini da ciwon ƙafa da jikoki. Akwai inda talauci da rikicewar tsufa suke sa a jefi tsohuwa da maita, wanda zalunci ne da za a tsaya a kansa gaban Allah. Amma ko a gidajen da ake kyautata musu, da wuya ka ga an ɗauki tsohuwa a matsayin wadda za a ba aiki. Makarantun matan aure sun yawaita a Maraɗi, alhamdu lillahi, sai dai sau da yawa dattijuwa tana can sahun baya tana jin kunyar 'yar cikinta ta ji ta tana tuntuɓe a Fatiha. A zawiyoyinmu kuma, mu faɗi gaskiya, rabon tsofaffin mata a mafi yawan lokaci shi ne girkin Maulidi da zama bayan labule.

Alhali macen da ta yi shekara 30 tana jan wuridi, ta yi renon 'ya'ya 8, ta san zafin haihuwa da zafin rashi, tana da abin da budurwa mai shahada ba ta da shi. Ita ce za ta shiga ɗakin amaryar da aurenta ke tangal-tangal a Jiratawa a saurare ta. Ita ce mai jego za ta gaya wa abin da ba za ta gaya wa likita ba. Idan ba a koya mata hukuncin jinin biƙi da addu'ar da ta inganta ba, za ta ba da abin da ta gada, daidai ko ba daidai ba, domin tambayarta ba za a daina yi ba. Muƙaddaman da suke da mata a ƙarƙashinsu su duba wannan. Ba a buƙatar gini ko kuɗin wata ƙungiya. Asma'u da waƙa da malfa ta yi nata.

Ya zo a hadisin da Imamu Tirmizi ya ruwaito cewa mafi yawan shekarun wannan al'umma tsakanin 60 ne da 70, kaɗan ne suke wucewa, ya kuma zo cewa mafi alherin mutane shi ne wanda ransa ya yi tsawo aikinsa ya yi kyau. Shehinmu Sidi Abdulƙadir bai zauna kujerar wa'azi a Bagadaza ba sai a shekara ta 521 bayan Hijira, yana da kimanin shekara 50, bayan dogon karatu da halwa, ya kuma yi shekara 40 a kanta har wafatinsa a 561. Duk abin da muke karantawa na majalisansa, maganar dattijo ce. Muridin da ya ga furfura a gemunsa ya ce lokacin karatu ya wuce, ko muridar da ta ce ita yanzu sai jiran ƙasa, su sake duba tarihin wanda suke kiran sunansa kullum.

Wafatinta

Nana Asma'u ta cika a shekarar 1864, tana da shekara 71 a lissafin rana, a zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku, na biyar da ta gani a kan al'amarin jama'a idan aka fara ƙirga daga mahaifinta. An binne ta a Hubbare a Sakkwato kusa da Shehu. Ƙanenta Isa, wanda ta koya wa riƙon alƙalami, shi ya yi mata marsiyya.

'Yan Taru ba su watse ba. Ƙanwarta Maryam, wadda ta yi aure a gidan Sarkin Kano Ibrahim Dabo ta dawo gida bayan rasuwarsa, ita ta karɓi aikin, ita ma Allah Ya ja kwananta. Bayanta 'yarta Ta Modi ta riƙe, har Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, jajis suna nan suna zuwa da ayarinsu. Takardunta kuwa suka zauna a gidan Waziri a hannun zuriyarta, har suka iso ga Waziri Junaidu, wanda shi ma ya kai kimanin shekara 90 kafin rasuwarsa a 1997. A ɗakin karatunsa ne Jean Boyd, Baturiyar da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta yi shekaru tana nazarinsu, kuma a wannan shekara ta 1997 aka buga tarin rubuce-rubucen a littafi guda, ita da Beverly Mack.

Mai niyyar ziyara daga Maraɗi, idan ya bi ta Madawa ya nufi Ƙonni, zai wuce Galmi, kusa da Maratta inda aka haifi Shehu a 1754. Daga Ƙonni ya tsallaka Illela ya gangara Sakkwato. A Hubbare zai tarar da mata, mafi yawansu masu furfura, sun zo daga nesa suna yi mata sallama.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya ƙara mata yarda, Ya jiƙan Hauwa'u da Zaharatu da Halima da sauran jajis da ba mu san sunayensu ba. Allah Ya gafarta wa duk musulmin da ya kwanta a Gawakuke da Tsuntsuwa da Alkalawa. Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, Ya ba waɗanda suke raye lafiya da cikawa da imani, albarkar Shugaba Sallallahu Alaihi Wasallama. Amin.